Gide Mai Jin Cikin Karnuka

A garin Sheme, a shekarun da arzikin man fetur ya fara ratso ƙasar nan, idan karen mutum ya ƙi abinci ya koma gindin danga yana nishi, ba a doguwar shawara. Sai a ce a kai shi wurin Gide.

Gide manomi ne kamar kowa. Yana da gonar dawa da ta auduga a bayan gari, da matarsa Barakatu, da 'ya'ya mata uku da duk suka yi aure. Gajere ne siriri, yana tafiya a hankali kamar mai tsoron tada wani daga barci. Yana cikin noma sai a ga ya dogara da hauya ya ƙura wa gajimare ido, har inuwarsa ta gusa daga inda take. In an tambaye shi abin da yake kallo, ya yi murmushi ya ce shi ma bai sani ba. Mutane suna sonsa, sai dai akwai masu jan jiki da shi kaɗan saboda yawan taɓa kare. Shi kuwa yana da wata tsohuwar taguwa da ke rataye a reshen tsamiyar ƙofar gidansa, ita yake sawa in zai duba kare. In ya gama ya wanke hannu da ƙasa da ruwa, ya sauya kaya, sannan ya doshi masallaci.

Ba a Sheme aka haife shi ba. A wani ƙauye ya tashi kusa da Sabuwa, inda daji ke da duhu har rana kan sauko ƙasa a yayyanke ta tsakanin ganye. Ubansa mafarauci ne mai karnuka shida. Amma sanin cikin kare daga kakarsa ya samo shi, wata ungozoma da kowa ke kira Dada. Hannunta ya taɓa cikin rabin jariran ƙauyen, kuma in karen ɗanta ya kwanta ciwo ba ta ƙyamarsa.

"Jariri da kare ba mai iya gaya maka inda ke masa ciwo," in ji ta. "Don haka ka zauna tukuna. Ka kalle shi har ka gaji, sannan ka kai hannu."

Haka Gide ya saba har ya tsufa. In an kawo masa kare, sai ya sa a sake shi a inuwar tsamiya, shi kuma ya zauna a kan turmi ya yi shiru. Mai kare yakan ƙosa ya ɗauka an manta da shi. Gide na duba ko bayan karen ya yi doro, ko yana takawa a ɗarare kamar ƙasa na da zafi. Yana duba ko ya kwanta ya tashi, ya sake kwanciya ya sake tashi, wuri ya ƙi karɓarsa. Wani yakan riƙa waiwayen kwiɓinsa kamar an kira shi daga can. Wani kuma ya shimfiɗa ƙafafun gaba, ƙirji a ƙasa, ƙugu a sama, kamar mai miƙa, amma miƙar ta ƙi ƙarewa. In Gide ya ga wannan, ya san ciwon ba na wasa ba ne.

Sai ya gama kallo yake ɗaure wa karen baki da tsumma, don ya ce karen da ka raina da hannunka ma zai cije ka in ciki ya murɗa masa, kuma ba laifinsa ba ne. Ya ɗaga leɓe ya duba dasashi, ko ja ne ko ya yi fari. Ya murza tafukansa su yi ɗumi, ya shafa daga haƙarƙari zuwa mara a hankali. Cikin lafiyayyen kare laushi gare shi kamar salkar ruwa. Na mai ciwo yakan ɗaure ya ture hannu. A ƙarshe ya ɗauko wani guntun gora mai rami, ya ɗora baki ɗaya a cikin karen, ɗayan a kunnensa, ya lumshe ido.

Wannan ne wurin da ya fi so a duk aikin. Yakan ce wa Barakatu a cikin kowane kare akwai rafi. Wani rafin na gudu a hankali kamar na bayan damina, wani na ƙugi kamar an yi ruwa a kan dutse. Yana saurare sai ya ji kamar shi ma yana tafe a bakin rafin, cikin wani daji da ba wanda ya taɓa shiga. Barakatu ba ta taɓa kare ba tun da take, amma tana son jin wannan zancen in tana tankaɗe.

Maganinsa ba yawa. Yawanci yakan ce a hana karen abinci yini guda, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, kashegari a dama masa kunu mai ruwa-ruwa ba yaji. In ciki ya ɗaure, ya ba da jiƙon filasko ya wanke. Mafarauta daga Mabai da ƙauyukan Faskari sukan zo da karnukansu a kan jaki, su koma suna sa masa albarka.

Shi kansa karya ɗaya yake riƙewa, mai ɗigo-ɗigon fari da baƙi, ana kiranta Zabuwa. Ita ke korar birai daga dawarsa. Duk inda ya tsaya yana kallon sama, ita ma sai ta zauna kusa da ƙafarsa ta ɗaga kai.

Shekara biyu bayan an koma tuƙin hannun dama, wani kamfanin hanya ya kafa sansani a gefen gari. Katafila ta zo, tifofi suka zo, warin kwalta ya gauraya da ƙamshin ƙasa. Samari suka ajiye hauya suka tafi leburanci, suka dawo da rediyo da agogo. Da tsakar rana sabuwar hanyar takan yi ƙyalli kamar an malala ruwa, Gide ya tsaya a bakin gona yana kallon motoci suna iyo a cikinsa. A bayan sansanin aka haƙa wani rami na zuba shara, ya cika da abubuwan da garin bai saba gani ba: gwangwanayen kifi, murafun kwalba, guntayen roba, da leda. A lokacin mata har wanke leda suke su shanya su adana. Karnukan gari kuwa suka gano ramin tun kafin kowa, don ledar da aka ƙunshe nama a ciki ƙamshin nama take.

Wata safiya da kaka Zabuwa ba ta fito ta tare shi ba. Ya iske ta bayan rumbu, bayanta ya yi doro, yawu na dalala daga bakinta. Ta yi kakarin amai, ba abin da ya fito sai kumfa. Ya zauna ya kalle ta, ya ɗaure mata baki, ya shafa. A ƙasan haƙarƙari yatsunsa suka ci karo da wani dunƙule, ta yi ƙara ta janye. Ya ɗora gora. Rafin na gudu da ƙarfi, yana buguwa da wani abu yana komawa baya.

"Mi ya same ta, Malam?" Barakatu ta tambaya daga ƙofar ɗaki.

"Ciki ne ya ɗaure. Jiƙa mini filasko."

Ya ɗura mata. Ta amayar. Da la'asar ya sake ɗura mata, don a iya saninsa duk abin da ya tsaya a cikin kare ƙashi ne ko gashi ko busasshen kashi, kuma in an tura yakan wuce. Kashegari cikin ya kumbura ya yi tauri kamar ƙwaryar da aka kife. Dasashinta ya yi fari. Ya ɗora gora ya daɗe yana saurare, bai ji komai ba. A rana ta uku, bayan azahar, ta ja jiki ta zo ta ɗora haɓa a kan ƙafarsa, ta mutu a nan.

Ya ɗauke ta zuwa gindin wata ɗorawa a ƙarshen gonarsa. Ya haƙa rami, amma ya kasa sa ta. Ya daɗe a tsugune, sannan ya zaro wuƙa ya buɗe cikin, abin da bai taɓa yi wa kare ba. A cikin hanji ya samu leda ta nannaɗe da wata guntuwar roba sun toshe hanya kamar an cusa tsumma a bakin tulu. Sama da wurin hanjin ya yi baƙi ya fashe. Ya wanke ledar a ƙoramar gona ya ɗaga ta a rana. Ko ƙwarzane ba ta yi ba. Har rubutun da ke jikinta yana nan.

Daga ranar Gide ya daina duba kare. In an kawo, ya ce hannunsa ya tsufa. Taguwar ta yi wata huɗu a reshen tsamiya har gizo-gizo ya yi saƙa a hannunta. Abin da Zabuwa ta bar masa 'yar kwikwiya ce fara tas, wadda Barakatu ta sa wa suna Balbela. Yana ba ta abinci, amma ba ya yarda ta bi shi gona.

Wata ranar kasuwa yana zaune a kara yana kallon shanu, Malam Harisu, malamin dabbobi da ke zuwa yi musu allura, ya zauna kusa da shi don ya huta. Ya ji labarin Zabuwa a bakin mutane, ya tambaye shi, Gide ya faɗa masa komai bai rage ba.

"Baba, ko ba ka ba ta filasko ba, da wuya ta tashi," in ji Harisu. "Amma gaskiya shi ya gaggauta. In hanya ta toshe da irin wannan, turawa yaga hanji take. Ba abin da ke fitar da shi sai wuƙa."

"Wuƙa kuma? Ai bayan rai ke nan."

"A'a, da ranta. A Zariya akwai asibitin dabbobi. Sukan sa dabba barci su buɗe, su cire, su ɗinke, ta tashi. Sai dai a kai da wuri, kuma kada a ba ta komai a hanya, ko ruwa."

Gide ya tashi ya koma gida. Amma kwana da kwanaki yana cikin gona yana ƙoƙarin hango wannan wuri, inda kare ke barci ana ɗinke shi kamar riga. Wani lokaci ya hango shi fari fat, wani lokaci kore kamar fadama. A hankali ya koma duba karnuka, ƙananan ciwo kawai. In ya ji dunƙule sai ya ce ya fi ƙarfinsa.

Damina ta biyu bayan haka, Balbela ta tsinke igiya ta yini a waje. Kwana ɗaya tsakani, da hantsi, ya gan ta ta shimfiɗa ƙafafun gaba a ƙasa, ƙugu a sama, tana kallonsa. Ta tashi ta zagaya ta sake yin haka. Ya sa mata kunu, ta sansana ta juya kai. Ya shafa, ya ji dunƙule a wuri ɗaya da na uwarta, ɗan ƙarami mai tauri. Dasashin da sauran ja. Rafin yana gudu.

Barakatu ta fito riƙe da ƙoƙon ruwa.

"Kada ki ba ta," ya ce. "Ɗauko mini tsohon zane."

"Ina za ka da ita?"

"Zariya."

Ta dube shi. Ta san iyakar tafiyarsa Funtuwa, can ma sai lokacin auduga. Ta shiga ta fito da zane, ta ƙulla masa ƙuli-ƙuli da dabino a gefen rawani.

Ya naɗe Balbela ya rungume ta zuwa bakin hanya. Motar fasinja ta farko ta tsaya, da direban ya ga abin da ke cikin zanen sai ya ja motarsa. A ta biyu wani Alhaji ya ce in kare ya shiga shi zai fita. Ta uku ko tsayawa ba ta yi ba. Masu tallan gyaɗa suka fara dariya, wani ya ce mutane ma ba su samu zuwa asibitin Zariya ba balle karya. Gide ya ji, ya kuma san akwai gaskiya a maganar, amma ya ci gaba da tsayuwa. Zuciyar Balbela na bugawa a kan hannunsa da sauri-sauri.

Rana ta kusa tsaka sai wata tifar kamfani ta wuce shi, ta taka birki, ta dawo da baya. Direban Maharazu ne, mutumin Mabai, wanda Gide ya taɓa yi wa karen ubansa magani shekarun baya.

"Baba, lafiya kake tsaye cikin rana?"

Gide ya buɗe gefen zanen.

"Zariya zan ɗauko siminti," in ji Maharazu. "Gaba an hana mu ɗaukar kowa. In za ka iya baya, bismilla."

Haka Gide ya zauna a kan tarin buhunan wofi a bayan tifa, karya a cinyarsa, ba komai tsakaninsa da sama. Motar ta ɗauki gudu. Gonaki suka riƙa zuwa suna wucewa, kore bayan kore, duwatsu na juyawa a hankali kamar suna bin sa da kallo. Gajimaren da ya saba tsayawa kallo yau su ne ke tafiya tare da shi. Bayan Funtuwa aka yi yayyafi, ya rufe Balbela da rigarsa, ruwan ya wuce, ƙasa ta tashi da ƙamshi. Ya ji kamar ba mota yake ciki ba, wani abu ne ya ɗauke shi a tafin hannu yana kai shi inda bai sani ba. Lokaci-lokaci yakan ɗora gora ya saurara. Ƙarar inji ta hana shi jin komai, amma bai daina ba.

Asibitin bai yi kama da ko ɗaya daga cikin waɗanda ya hango ba. Dogon gini ne mai baranda, da doki ɗaure a gindin bishiya, da warin magani. Likitan saurayi ne mai tabarau, Hausarsa da ɗan gargada. Ya sa aka ajiye Balbela a ƙasa, ya harɗe hannu ya tsaya yana kallonta, bai taɓa ta ba. Gide ya tuna da maganar Dada, hankalinsa ya kwanta. Sai da likitan ya gama kallo ya ɗaga leɓe, ya shafa ciki, ya sa wata igiyar roba a kunne ya saurara.

"Yaushe ta fara, Baba?"

"Yau da hantsi."

"Me ka ba ta?"

"Ba komai, Likita. Ko ruwa."

"Ka kyauta. Kai a ina ka ji ciwon yake?"

Gide ya nuna da yatsa. Likitan ya taɓa wurin, ya ɗago ya dube shi ta saman tabarau.

Aka shiga da ita wani ɗaki. Bayan ɗan lokaci likitan ya kira Gide ya ɗaga wata baƙar takarda mai santsi a jikin taga. Hoton cikin Balbela ne. Ga haƙarƙari sun jeru farare kamar tankan rumbu, ga wasu inuwoyi kamar hayaƙi suna lanƙwasa, ga kuma wani ɗan abu zagayayye mai haƙora yana haske kamar wata. Gide ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa takardar. Shekara hamsin yana shiga wannan dajin da kunne, yau ga shi an buɗe masa taga.

"Murfin kwalba ne," in ji likitan. "Ina zaton da leda tare da shi, ita ba ta fitowa a hoto."

Kafin la'asar sakaliya aka gama. Likitan ya fito da abin a cikin tasa, murfi ne da leda kamar yadda ya ce. Balbela na kwance an aske mata ciki, ga ɗinki a jere, tana numfashi a hankali. Gide ya yi kwana biyar a zauren wani ɗan'uwan Maharazu, kullum yana zuwa ya zauna a baranda. Likitan yakan fito in ya sami sarari su yi hira. Ya karɓi guntun gorar ya gwada, ya yi dariya ya ce tana aiki. Ya kuma gaya masa alamomin da ba a jira a kansu: amai da ya ƙi tsayawa, ciki da ya kumbura farat ɗaya, farin dasashi, kashi baƙi ko mai jini. Gide ya maimaita su har suka zauna masa.

Da ya dawo Sheme, an yi wata guda ana tsokanarsa da mai kai karya asibiti. Amma mafarauta sun zo ɗaya bayan ɗaya suna leƙa ɗinkin. Daga nan aikinsa ya rabu biyu. Akwai karen da zai ce a hutar da cikinsa a gida, akwai wanda zai ce a nemi mota yanzu-yanzu. Wasu sun kai, wasu sun ce ba za su iya ba, bai kuma taɓa ganin laifinsu ba. Cikin waɗanda aka kai, wasu sun dawo, wasu ba su dawo ba. Filasko kuwa bai sake ba wa kare ba sai ya tabbata ba dunƙule. Balbela ta rayu shekara tara bayan haka, ta haihu sau huɗu.

Wajen shekarar da soja suka miƙa mulki, yanar ido ta fara rufe wa Gide gani. Duniya ta koma masa kamar ana kallonta ta cikin ruwan kunu. Aka ɗauka aikin ya ƙare. Sai ga shi wata safiya an kawo kare daga wani ƙauyen Kankara, Barakatu ta jawo kujerarta ta tsuguno ta zauna nesa kaɗan da tsamiya.

"Ya yake tsaye?" Gide ya tambaye ta.

"Bayansa a miƙe yake. Cikin ne dai ya yi tulu."

"Yana waiwaye?"

"A'a. Hamma yake, yana kaɗa wutsiya."

Gide ya shafa, ya saurara, ya daɗe. Sannan ya juya wajen da yake jin numfashin mai karen.

"Jiya an yi sabga a gidanku?"

"Suna aka yi, Baba. Rago biyu."

"To ka mai da shi gida ya kwanta. Ƙoshi ne."

Mutumin ya ja karensa ya tafi yana jin kunya. Barakatu ta kawo ruwa da ƙasa a kasko, ta zuba masa yana wanke hannu, suna ta dariya ƙasa-ƙasa su biyu.